Ta'aziyyar Mai Gidan Burodinmu, da Kira ga Masu Riƙe da Bashinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi ta'aziyya, in kuma yi wani kira wanda a wurina ya fi ta'aziyyar nauyi. Kwanakin baya Allah ya karɓi ran abokina kuma ɗan ajinmu, mai gidan burodin garinmu, wani ƙaramin gari da ke gaba da Wudil kaɗan. Iyalinsa sun ce kada in sa sunansa. A cewar uwargidansa, mutumin da ya taɓa hana a ambace shi a lasifikar masallaci ranar da aka tara kuɗin rufin kwano ba zai so a buga shi a jarida ba. To duk mai shan shayi tsakanin Wudil da Gaya ya san wanda nake nufi.

Mu 'yan UPE ne. A Satumbar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, dagaci ya bi gida-gida yana zaƙulo yara, ana sa mutum ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓa kunnensa don a gane ko ya isa shiga. Shi marigayi ba a ma gwada shi ba, don ya girme mu duka, mahaifinsa ne ya yi ta ɓoye shi saboda gona. A bencin baya yake zama. Turanci bai taɓa zama a bakinsa ba, amma a lissafi har malamin yakan dubi allonsa kafin ya duba namu. Kullum aljihunsa da dafaffen rogo ko gyaɗa daga ɗakin mahaifiyarsa, kuma ban taɓa ganin ya ci shi kaɗai ba. Da muka gama a 1982 na wuce kwalejin horon malamai, shi kuwa mahaifinsa ya rasu, ga ƙanne, sai ya nufi Kano ya kama aiki a wani gidan burodi. Da faskaren itace da wankin kwanukan gashi ya fara.

Yana tsaka da koyo gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987. Fulawa ta yi wuya, gidajen burodi da yawa suka rage ma'aikata, wasu suka rufe. Shi bai tafi ba. Ya sha gaya mini cewa a shekarun nan ne hannunsa ya san kwaɓi, domin fulawar da ake samu daga alkamar gida irin ta Kadawa, wani lokaci ma a haɗa da garin masara, ba ta jure sakaci. Bayan an ɗage haramcin ya tattara 'yan kuɗinsa ya dawo gida, ya gina murhun gashi na jan bulo a bayan gidan mahaifinsa. Kafin nan burodin da muke ci daga birni ake kawo shi, sau da yawa ya kwana biyu a hanya da kan tebur.

Wanda bai taɓa kwana a gidan burodi ba ba zai san abin da ke cikin ledar da yake saya ba. Bayan sallar isha'i ake fara kwaɓi: fulawa, suga, gishiri, yis, bota, ruwa. A wuce da shi injin murza har ya yi laushi yana sheƙi, a yanka, a ɗora kowane curi a kan sikeli, a mulmula a jera cikin kwanukan da aka shafe da mai, sannan a jira ya tashi. Da bazara ba ya ɓata lokaci. Da hunturu kuwa sai an shigo da garwashi ɗakin an lulluɓe kwanukan da buhuna, yana zagayawa yana danna kwaɓin da ɗan yatsa. A can waje an cika murhu da itace, wuta na ci har bulon ciki ya yi fari, sai a janye garwashin a share ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma a bakin doguwar sanda. Ba shi da na'urar auna zafi. Ɗan garin fulawa yake watsawa ciki ya tsaya yana kallo: in ya yi baƙi nan take, a ƙara jira, in ya yi ja a hankali, sai ka ji ya ce, "Ku zuba." Kafin kiran assalatu gashin farko ya fito, masu shayi sun jeru a ƙofa da kekuna da babura, ƙamshi ya kai har bakin tasha.

Gashin farkon nan, tire ɗaya a cikinsa ba na sayarwa ba ne, ko da wa ya zo da kuɗi. Wani kaso na tsangayar da ke bayan gidan ne, wani na masu jinya a ɗakin shan magani, saura na wasu gidaje da shi kaɗai da yaron da ke kaiwa suka san jerinsu. Abin da ya fi burge ni yadda yake bayarwa. Yarinya za ta zo da kuɗin ƙaramin burodi ɗaya, ya san su bakwai ne a ɗakin kuma uban ya rasu. Sai ya ɗauko babba ya jujjuya shi yana tsaki, ya ce, "Kai, yaran nan sun ƙona mini gefen wannan, ba mai saye. 'Yata, kai wa babarki, ki ce ta taimake ni da shi." In ka duba burodin nan ba ƙuna ko ɗigo. Har yaran gidan suka gane, in sun hango irin waɗannan masu saye sai su fara murmushi suna cewa yau ma za a yi ƙonanne. Mai shayin da ya yi kwantai kuwa, karɓa yake ya musanya masa da sabo, abin da na tabbata ba kowane mai gidan burodi zai yarda da shi ba.

Kada a ɗauka waliyyi nake siffantawa. Yana da faɗa. In ya ɗora curi a sikeli ya ga ya gaza, unguwa duka sai ta ji muryarsa. Yana da taurin kai kuma: shekara da shekaru babban ɗansa na roƙonsa su sayi murhu mai amfani da gas saboda tsadar itace da hayaƙin da ke cin idonsa, ya ƙi. Sai dai taurin kan nan ne ya hana shi sa sinadarin nan na kumbura burodi, bromet, wanda NAFDAC ta haramta tun zamanin Dora Akunyili saboda illarsa ga lafiya, alhali ana ta kawo masa talla a ɓoye. Burodinsa bai kai na wasu tsayi ba, amma yana da nauyi a hannu, kuma mai aikin gona in ya ci da safe yana kai shi azahar.

A gida shi ne bango. Ya aurar da ƙannensa mata, ya riƙe 'ya'yan ƙaninsa da ya rasu a hatsarin mota, kuma baƙo ba zai iya bambance su da nasa ba. Yaron da duk ya ɗauka aiki, sharaɗin farko shi ne makaranta. In aka ce an ga yaro a tasha lokacin aji, ranar ba zai taɓa kwaɓi ba. Mu kuma 'yan ajinsa, a zaurensa muke taron shekara washegarin ƙaramar salla. Ni ne ma'ajin ƙungiyar, saboda haka na san abin da sauran ba su sani ba: kuɗin wata-wata na mutum uku a cikinmu daga aljihunsa suke fitowa, ya kuma yi mini kashedin in rubuta su kamar su suka biya. A zaurenmu na WhatsApp ba ya rubutu, sai saƙon murya, rabinsa ƙarar injin murza ce. Lokacin da na yi ritaya kuɗin sallamata suka maƙale, kullum da safe akan ajiye leda a ƙofar gidana, ban aika ba, in na yi magana ya ce, "Malam, kai ka koya wa 'ya'yana karatu, bar ni da wannan."

Shekarun baya-bayan nan sun gwada shi. Kullen korona a 2020, sai yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya tayar da farashin alkama, har ƙungiyoyin masu gidajen burodi suka dakatar da aiki na 'yan kwanaki a Yulin shekarar. A farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ba ya da naira ɗari biyu ta karin kumallo. A ƙauye irin namu da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, tiransifa ba ta cika tafiya ba. Ya buɗe sabon littafi ya ce kowa ya ɗauka a rubuta. Aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin dakon kaya daga kasuwar Singa ya ninka. Zuwa 2024 buhun fulawa mai kilo 50 ya haura naira dubu 50, har mata masu gurasa a Kano suka fito zanga-zanga a watan Fabrairu. Wasu suka ƙanƙantar da burodi suka bar farashi. Shi ya ce wannan ha'inci ne da sallama, ya ƙara kuɗi ya rubuta a allo da alli, ya bar awo yadda yake. Ya rage yawan buhunan da yake kwaɓawa, ya sayar da gonarsa ta fadama, amma tiren farko bai fasa fita ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Malam Edita. Ranar jana'izarsa filin idi aka koma saboda ƙofar gida ta kasa ɗaukar jama'a, makara kuwa hannu da hannu ta riƙa tafiya. A zaman makoki kowa da labarin alherin da zai bayar, wasu har da hawaye. Bayan sadakar bakwai malamai suka zauna maganar gado, aka fito da littattafansa. Sai ga shi dillalin fulawa a Singa yana bin sa kuɗi masu nauyi, ga mai itace, ga albashin yara na wata guda. Abin da shi kuma yake bin mutane ya fi wannan nesa ba kusa ba. Akwai masu shayi, akwai masu kanti, akwai wanda ya karɓi burodin walima, akwai masu abincin wata makarantar kwana, akwai kuma wani ɗan siyasa da yaransa suka yi ta loda burodi a mota lokacin kamfen ɗin 2023, har yau ko sisi. Da yawa cikinsu na gan su a kan tabarmar makoki suna yabonsa.

Da ɗan marigayi ya fara bi, amsar da yake samu kusan iri ɗaya ce: "Haba, ai da Baba yana raye da ya yafe." Mai yiwuwa ne. Amma waɗanda ya yafe wa ya soke sunayensu da jan biro da hannunsa, shafi bayan shafi, kuma iyalinsa ba su nemi ko ɗaya a cikinsu ba. Wanda bai soke ba, daga lokacin da ransa ya fita kuɗin nan sun tashi daga nasa sun zama na magada. Kowane ɗalibin fiƙihu ya san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, ga matansa biyu suna takaba ta wata huɗu da kwana goma, tumuninsu, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon, na jiran a gama wannan lissafi. A cikin 'ya'yansa akwai waɗanda ba su balaga ba, kuma ba wanda ke da ikon yafe haƙƙinsu a madadinsu, ko wansu ko liman ko ni. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta faɗi abin da mai cin dukiyar maraya da zalunci yake zubawa a cikinsa, ba sai na maimaita wa musulmi ba. Ina ganin rashin kunya ne mutum ya mayar da kirkin mamaci hujjar danne wa 'ya'yansa.

Na san akwai waɗanda da gaske ba su da shi. Mai shayin da jarinsa bai wuce kilo ɗaya na suga da gwangwanin madara ba, ba da shi nake ba. Manyan 'ya'yan sun amince cewa duk wanda ya zo ya faɗi halin da yake ciki za su yafe masa daga nasu kason, wanda kuma zai iya biya kaɗan-kaɗan za a karɓa a rubuta masa shaida. Abin da ba za a karɓa ba shi ne mutum ya canza hanya in ya hango yaron, ko ya koma sayen burodin wani gari don kada a tuna masa. Shi kuma mai girma ɗan siyasa, ya san kansa, kuma littafin yana ɗauke da kwanan wata da sunan direban da ya sa hannu.

Mu 'yan ajin 1976 da muka rage mun yi karo-karo mun sayi fulawa da suga aka sake hura murhun, don yaran da ke aiki kada su watse, kuma babban ɗan ya ce tiren farko zai ci gaba da fita muddin ana gashi. Amma karo-karon tsofaffi 'yan fansho ba zai biya dillalin Singa ba. Ɗan marigayi yana zama a zauren gidan kullum bayan la'asar da littattafan, tare da na'ibin limamin unguwa a matsayin shaida. Wanda ke nesa ya aiko ta hannun wanda ya yarda da shi, a ba shi rasit.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya yafe masa kurakuransa, ya ba iyalinsa haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari. Na gode da wannan fili.

Naka,
Tsohon ɗan ajinsa, malamin firamare mai ritaya,
daga yankin Wudil, Jihar Kano.