Rahoton Ayyukan Shekara na Zauren Karatunmu

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Kamar yadda babban taro ya amince bara, bana mun keɓe zamanmu na wata-wata ga littattafan da marubutansu ke ba da labari, sannan su juyo su jefa mai karatu cikin shakkar abin da ya karanta. Ƙa'idarmu ita ce sai an gama littafi kafin a kalli fim ɗinsa.

Mun fara da The French Lieutenant's Woman na John Fowles, na 1969, mai ƙarshe fiye da ɗaya. A fim ɗin 1981 marubucin fim ɗin, Harold Pinter, ya ƙara labari na biyu, na 'yan wasan kansu, kowane labari da nasa ƙarshen. Zaman bai cika ba, Turancin littafin da nauyi.

Atonement na Ian McEwan, na 2001, shi ya tayar da ƙura. Sai a shafukan ƙarshe Briony, mai ba da labarin, bayan ta tsufa, take bayyana cewa Robbie, masoyin yayarta Cecilia, ya mutu kusa da Dunkirk a 1940, Cecilia kuma harin bam ya kashe ta a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Balham a Landan. Ashe haɗuwarsu da muka karanta ita ta ƙaga. Fim ɗin Joe Wright na 2007 ya mayar da wannan iƙirarin hirar talabijin, ya kuma rufe da masoyan suna wasa a bakin teku. Yawancin matan zauren sun ce ha'inci ne, don abin da ido ya gani zuciya ba ta saurin ƙaryatawa. Wani dattijonmu ya ce ai mai tatsuniya ma da "ba don gizo ba da na yi ƙarya" yake rufewa, kuma ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Ni dai, a matsayina na sakatare, bayan matan nake: mai tatsuniya tun daga "ga ta nan ga ta nanku" ya sanar da kai.

Life of Pi na Yann Martel ya ƙarfafa hujjarsu. Ang Lee, a fim ɗinsa na 2012, ya nuna labarin yaron Pi da damisa cikin kwale-kwale a teku da dukkan ƙawarsa, labari na biyu kuwa, na kisa tsakanin mutane, Pi ne kawai ke faɗa da baki daga gadon asibiti.

Ɗauke wuta ya katse mana kallo fiye da sau ɗaya, man janareta kuma ya cinye mafi yawan kuɗin asusu. Ma'aji zai karanto lissafi a babban taro. Masu bashin kuɗin wata su daure su biya kafin ranar, a kuma zo da sunayen littattafan baɗi.