Ba masu kutse kaɗai ke cinye bayanai ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina bibiyar shafinku na kimiyya da fasaha, kuma na lura duk sa'ad da aka zo maganar tsaron bayanai, masu kutse kawai ake ambata. Ba na musun ɓarnarsu. Amma ni da aikina shi ne kula da sabar (kwamfutar da shafi ko manhaja ke gudana a kai) da rumbun bayanai, wanda ya fi ba ni tsoro ɗan gida ne: ma'aikacin da aka danƙa wa makullin komai, dare ya yi, gajiya ta kama shi, ya buga umarni a kan na'urar da ba ita ya nufa ba.

Haka ta faru da kamfanin GitLab, mai shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ranar 31 ga Janairu, 2017. Suna da rumbu biyu, babba da mai bi masa yana kwafar duk abin da ya shiga. Na biyun ya samu tangarɗa, sai injiniyan da ke aiki a daren ya yanke shawarar share shi domin ya sake kwafa daga tushe. Shawarar daidai take. Sai dai allon da ya rubuta rm -rf, wato umarnin goge fayiloli, a ciki na babban rumbun ne. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ya ankara ya tsayar, amma daga gigabait kusan 300 saura 4.5. A Linux, tsarin da sabar ke gudana a kai, wannan umarni ba ya tambayar ko ka tabbata, ba ya kuma jefa fayil a kwandon shara da za ka je ka tsamo.

Inda labarin ya fi daɗa min ciwo shi ne abin da ya biyo baya. A takarda kamfanin na da hanyoyi biyar na ajiye kwafin ko-ta-kwana. Da aka je ɗauka, babu wadda ke aiki yadda aka zata. Manhajar pg_dump da ke kwafe rumbun kullum ta zamanin sigar 9.2 ta PostgreSQL, manhajar rumbun, ce, shi kuwa rumbun yana kan 9.6, don haka tana ta gazawa shiru, saƙon imel ɗin da ya kamata ya tona asirinta kuma ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin lamarin, shi ma ba don wannan aka ɗauke shi ba. Shafin ya yi awa 18 a rufe, aka yi asarar ayyuka kusan 5,000 da asusun sababbin masu amfani kusan 700. Ba su kori injiniyan ba. Sun wallafa cikakken bayanin abin da ya faru, har aikin gyaran suka haska kai tsaye a YouTube. Ni a ganina sun kyauta, domin da sun kore shi, da wani zai zauna a kujerarsa ya tarar da ramin nan a buɗe.

Ramin ake rufewa. Bai kamata mai kula da na'ura ya wuni yana aiki da asusun root mai ikon komai ba. Ya shiga da asusunsa, ya ari ikon ta hanyar umarnin sudo idan buƙata ta taso, a kuma rubuta wanda ya yi da abin da ya yi. Allon sabar da jama'a ke amfani da ita a ba shi jan launi da suna baro-baro, kada ya yi kama da na gwaji. Abin da za a share a fara matsar da shi gefe, ya kwana biyu tukuna. Fayilolin kwafin ajiya kuma a ɗaure su da chattr +i, wadda ke hana ko root gogewa sai ya kwance da gangan. Amma a yi hattara, ba a ɗaura wannan a kan fayilolin rumbu mai aiki, domin shi ma rumbun za a hana shi rubutu.

Ga wani abu da matasan da ke koyon aikin nan ya kamata su haddace. Idan ka goge fayilolin rumbu yana cikin aiki, kada tsoro ya sa ka kashe shi ko ka sake kunna sabar. Muddin manhajar na riƙe da fayil a buɗe, Linux ba ta sakin wurinsa a faifai. Da umarnin lsof, mai nuna fayilolin da ke buɗe, za ka gano shi, ka kwafo shi daga cikin /proc, inda Linux ke nuna abin da manhajoji masu aiki ke riƙe da shi. Ba duka za ka samu ba, sai waɗanda ke buɗe a lokacin, amma da zarar ka kashe, su ma sun tafi.

Kada wani ya ce ai namu yana wajen manyan kamfanoni, ba ruwanmu. A watan Mayun 2024 kuskuren saiti a Google Cloud, inda Google ke ba kamfanoni hayar sabar, ya share asusun UniSuper, wata hukumar fansho ta Ostireliya mai mambobi fiye da 600,000, ya haɗa da kwafin da ke wani yankin, tunda duk ƙarƙashin asusu ɗaya suke. Kwafin da suka ajiye wajen wani kamfani daban ya taimaka suka farfaɗo.

A nan gida, makarantu da asibitoci da bankuna da dama sun koma kwamfuta, sakamakon jarrabawa da fayil ɗin marar lafiya da lissafin albashi suna kan sabar. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su daga ɓacewa, ba daga sata kaɗai ba. Kwafin da ba a taɓa gwada maido shi ba kamar rumbun hatsi ne da ba a leƙa tun kaka, sai ranar yunwa a tarar gara ta riga ka.

Roƙona gare ku, idan wakilanku suka sake zama da shugabannin hukumomi suna alfahari da sabon tsarin kwamfuta, su tambaye su: mutum nawa ne ke da ikon goge rumbun, ina kwafin yake ajiye, kuma wace rana aka maido da shi a gwaji aka ga yana buɗewa? Ku buga mana amsar da suka bayar.

Naka,
Mai karatu daga Zariya