A riƙa haɗa maniyyata da abokan tafiyarsu tun daga wurin bita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi kan wani al'amari da ake ganinsa ƙarami, wato lokacin da maniyyaci yake fara sanin mutanen da zai yi wata guda ko fiye yana kwana yana tashi tare da su.

Sau da yawa mutum yakan halarci bita a ƙaramar hukumarsa, ya karɓi yunifom da jaka, amma ba zai san abokan ɗakinsa ba sai a sansanin alhazai, wani ma sai an sauka Madina ana rabon ɗakuna. Sansani kuwa ba wurin sabo ba ne, domin hankalin kowa yana kan fasfo da kuɗin guzuri, 'yan rakiya sun cika bakin ƙofa, lasifika kuma tana ta kiran sunaye. Na ga wata dattijuwa daga ƙauye zaune a kan tabarma ta rungume jakarta, ba ta taɓa shiga jirgi ba, ba ta iya karanta katin da ke rataye a wuyanta, matan da ke kusa da ita kuma babu wadda ta san tana shan maganin hawan jini. Da wata ta ce mata, "Baba, ke da wa kika zo?" sai ta ce ita da Allah.

Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan har tashar Sawakin a gaɓar Bahar Maliya ba sa fita sai cikin ayari mai madugu, kuma tsawon hanya ya sa kowa ya san halin kowa. Jirgin sama ya mayar da tafiyar ta 'yan sa'o'i, amma bukatar abokin tafiya tana nan, har ma Manzon Allah (SAW) ya umarci mutum uku idan suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. A Mina tantuna kamarsu ɗaya, hanyar zuwa jifa doguwa ce, kuma a aikin Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu cikin tsananin zafi, galibinsu waɗanda suka shiga ba da izini ba, ba su da tanti balle mai lura da su. Wanda jiri ya ɗauka, na kusa da shi ne yake fara gani, ba jami'i ba.

Shawarata ita ce a raba maniyyata rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma tun a zaman bita, maza daban mata daban, a haɗa kowane tsoho da mai jini a jika ɗan garinsu, su zaɓi shugaba, su karɓi lambobin wayar juna. Sannan idan an zo tsara jirage da masaukai, kada a tarwatsa rukunin saboda bizar mutum ɗaya ta makara ba tare da an sanar da sauran inda aka kai shi ba.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano