A nemi dangi kafin a kai yaro gidan marayu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan yaran da jami'ai ke ɗauka daga titunan Gusau da sunan ceto.

A unguwarmu akwai wata tsohuwa da ta tsere wa 'yan bindiga daga yankin Maru tare da jikanta ɗan shekara bakwai. Uwarsa ta rasu, uban kuma ba a san inda yake ba. Wata rana ta aike shi kasuwa, bai dawo ba. Kwana huɗu tana zagaya masallatai da tashoshin mota tana kuka, kafin ta ji cewa wasu jami'ai ne suka haɗa da shi cikin yara masu bara. Ba wanda ya tambayi yaron sunan kakarsa, balle a aiko mata da saƙo.

Ban ce kada hukuma ta ɗauki yaro ba. Akwai yaran da in aka bar su inda suke, duka ko yunwa za ta kashe su. Amma aikin yana da ƙa'ida. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana 'yan sanda riƙe yaro fiye da awa 72 da sunan ba shi kariya, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon damƙa shi a hannun hukuma na dogon lokaci. Zamfara ma ta sa hannu a tata dokar a 2022. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, idan uwa ta rasu, kakar wajen uwa ce ke gaba a riƙon yaro, ƙanwar uwa na biye. Ashe tsohuwar nan tana da haƙƙi, ba alfarma take nema ba.

Kuma mutane na da dalilin tsorata. Ba mu manta da yaran Kano da aka sace aka gano a Anambara a 2019 ba.

Roƙona shi ne duk yaron da aka ɗauka a rubuta sunansa da garinsu, a sanar da mai unguwa a ranar, a yi cigiya a rediyo, sannan a kai maganar gaban alƙali kafin wa'adin ya cika.

Naka,
Wani malamin firamare,
Tudun Wada, Gusau