Takardar Koke Kan Tsofaffi da Marasa Lafiyar da Ke Kwance a Gida

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Daura,
Ta hannun Sakataren Majalisar Masarauta.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu ma'aikatan lafiya ne, masu ci da masu ritaya, da ungozomomi, da matan da ke jinyar iyaye a ɗaka. Kukanmu a kan waɗanda asibiti ya sallama amma ba su miƙe ba: mai shanyewar ɓarin jiki, tsohuwar da ta karye a kwatangwalo, mai ciwon suga da aka yanke wa ƙafa. Tun daga ranar da aka dawo da su gida, ba ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin leƙa su.

Ranka ya daɗe, jinyar na kwance tana da ƙa'ida. Wanda ba ya iya motsi, juya shi ake yi duk bayan awa 2, dare da rana. In aka bar shi a gefe guda kan ledar da fitsari ya jiƙa, fatar ƙugu da ta dunduniya sai ta yi duhu, ta saɓule, ta zama gyambo har a ga ƙashi. Iyali kan barbaɗa garin kafso ko toka, don ba wanda ya nuna musu wanki da ruwan gishiri da sauya bandeji. Robar fitsari da ya kamata a canja kusan duk wata takan daɗe a jiki har ta toshe, zazzaɓi ya biyo, wani lokaci ƙoda ta taɓu. Mai shanyewar jiki kuwa, in aka ɗura masa ruwa yana rigingine, ƙwarewa yake yi, ruwan ya gangara huhu. Zaunar da shi ake yi, a ba shi kunu mai kauri da cokali, a bar shi zaune rabin awa. Duk wannan a zuwa biyu ko uku ma'aikaciya za ta koya wa 'yar gida.

Ziyarar gida tana cikin abin da ake koya wa ma'aikatan lafiya na unguwa a makaranta. Amma ƙaramin asibitin da ma'aikaci ɗaya ko biyu ke riƙe da awo da rigakafi da haihuwa, wa zai rufe ƙofa ya fita? Ga ba babur, ba kuɗin mai. Kuma 'ya'yanmu da suka gama makarantar koyon aikin lafiya ta nan Daura, da yawansu aikin sa kai suke yi ba albashi. Abin da ya fi ci mana rai: ko layin jira babu, domin ba rajista. Mai ɗan'uwa ma'aikaci shi ake dubawa, marar kowa ya zura wa ƙofa ido.

Hanyar kuɗi akwai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don lafiya a matakin farko, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwa su rubuta duk mai kwance: unguwarsa, cutarsa, wa ke jinyarsa, yaushe aka duba shi. A sa masu gyambo da masu robar fitsari a gaba, a je musu sau biyu a mako. Saura sau biyu a wata, a auna hawan jini da suga.

Muna kuma roƙon Sarki ya sa baki wajen Shugaban Ƙaramar Hukuma, a ɗauki ma'aikata biyu a kowace mazaɓa cikin 11 da Daura ke da su, mace da namiji, domin tsohuwa ba za ta buɗe wa namiji jikinta ba. A ba su babur, da kuɗin mai a rubuce cikin kasafi, da jakar aiki mai safar hannu, bandeji, robar fitsari da na'urar awo. In wannan tsari ya zauna a nan, sai a kai shi Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua.

Horar da sababbin ma'aikatan da masu jinya a gida, mu mun ɗauka, ba ma neman ko kwabo.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka,
Ma'aikatan lafiya, ungozomomi da masu jinya a gida na garin Daura.