Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni nawa aka ba ni

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina gaishe ka da iyali.

Ranar Asabar a taron iyaye da malamai ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa aka dakatar da ɗan ajin ƙarshe mako 2 saboda "wasan yara", ka ƙara da cewa nawa uban yaron da aka doka ya ba ni. Da yamma ka sake ɗora maganar a Facebook. Tunda a bainar jama'a ka yi ta, a nan zan amsa maka.

Ta biyun ce ta hana ni barci. Shekara 23 ina riƙe da alli a garin nan na Daura. Waɗanda na koyar suna nan, wasu a asibiti, wasu a kasuwa, wasu a fada. Ka tambaye su ko na taɓa karɓar ko da goro don in kau da kai. Uban da kake cewa ya saye ni faci yake yi a bakin tasha. Da muka kira shi, hularsa yake ta murzawa a hannu yana ba mu haƙuri, shi da aka cuci ɗansa.

Ga abin da ka kira wasa. Ƙarfe 2 na dare maigadi ya buga mani ƙofa. Na tarar da ɗan aji ɗaya, ɗan shekara 12, a durƙushe bayan ɗakin kwana, ba riga, cikin hunturun nan. An sa shi tsallen kwaɗo har ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, sannan aka zane shi da wayar wuta, don ya hana siniya garin kwaki da sukarin da uwarsa ta ƙulla mashi. Na haska fitila na ƙirga shatar duka 9 a bayansa. Ya riƙe mani gefen riga yana rawar ɗari yana cewa, "Malam, don Allah kada ka faɗa, gobe za su ƙara mani."

Dokar makaranta a rubuce take. Firifet ba shi da ikon duka, nasa ya kawo ƙara. Wanda ya ji wa ɗan'uwansa rauni a kira iyayensa, a dakatar da shi, in ya maimaita a kore shi. Kwamitin ladabtarwa ne ya zauna, ba ni kaɗai ba. Kai ma ka sa hannu a takardar nan farkon shekara, ba ka ga aibinta ba sai da ta faɗa kan ɗan ƙanwarka. Wannan dangantakar ba ka gaya wa taro ita ba, Alhaji, kuma ya kamata ka faɗa.

Batun cewa dakatarwar za ta ɓata wa ɗan ƙanwarka jarrabawa kuwa, zai dawo tun kafin a fara shirin WAEC. Cewa mu ma siniyoyi sun doke mu, haka ne, kuma na san abokan karatuna da suka gudu daga makaranta saboda haka, ba su sake komawa ba.

Mu Daurawa bai kamata a tuna mana inda duka da sunan tarbiyya yake kaiwa ba. A Oktoban 2019 a garin nan 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga wani gidan mari, da tabo a jiki da sarƙa a ƙafa. A 2020 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar Katsina. A Afrilun 2024, da bidiyon marin wata ɗaliba a Abuja ya bazu, ministar mata ta rufe makarantar kwana 3. Namu yaran ba mai ɗaukar su bidiyo. In malami ya yi shiru, shi ke nan an binne maganar.

Abin da ke ci mani rai shi ne, zango uku ina roƙon ƙungiyar iyaye a gyara fitilun bayan ɗakunan kwana, a ƙara mai kwana da yara. Kana cikin shugabanninta, ban taɓa jin ka ɗaga murya kan wannan ba.

Ka zo ranar Litinin in nuna maka littafin kwamiti da takardar asibiti. In ka gani, ina roƙonka ka janye zancen kuɗin nan a inda ka yi shi, gaban iyaye da kuma a Facebook.

Wassalam,
Malamin ladabtarwa, Daura