Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Mahaya Keke, Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga bayanin abin da aka yi bana, da abin da ba a yi ba da dalilinsa. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun ma'aji, mai son gani ya same shi.

An yi taron wata-wata yadda aka saba, ban da na watan azumi. Fitar safiyar Asabar ma tana nan, sai dai mun daina bin hanyar Wurno saboda halin tsaro a gabashin jiha.

Bikin keke da muka yi cikin hunturu don tara kuɗin sare hanyar keke a tudun Dange, alhamdu lillahi, shi ne abin da ya wanke mana fuska. An tashi daga Kwannawa bayan sallar asuba, hazo bai gama ɗagawa ba, aka bi titin Gusau zuwa wajen Dange, sannan aka sauka daga kwalta. An raba mahaya kashi uku: yara da sababbin hannu sun tsaya a fili, masu kekunan giya sun hau tudu, dattawa masu Raleigh da Phoenix kuma aka ba su gajeren zagaye. Su ne suka fi jan 'yan kallo. Akwai wanda ya zo da babbar riga ya tattare ta a kafaɗa, kekensa ya sha goge har ƙararrawa tana ƙyalli, kuma bai sauka ya tura ba ko sau ɗaya.

Abubuwa biyu suka sa ranar ta tafi lami lafiya. An ajiye ruwa da dabino duk bayan kilomita 5, domin a hunturu mutum ba ya jin zufa, iska tana busar da ita, sai dai ya ji ƙafa ta mutu. Sannan an duba kowane keke kafin tashi: birki, sarƙa, iskar taya, da hular kwano. Wanda birkinsa na baya ba ya kamawa ba a bar shi ya hau tudu ba, ko da ya yanki tikiti. An yi ta gunaguni, amma ba wanda aka kwasa zuwa asibiti.

Masu faci biyu da muka ɗauka ba su huta ba. Yawancin fashewar ƙayar tsidau ce da ta aduwa, sauran kuwa na waɗanda suka rage iska ƙwarai ne, taya ta daki bakin dutse, ƙarfen wili ya tsaga tub wuri biyu kamar saran maciji. Sarƙa da ta yi ta zamewa kuma laifin baƙin mai ne. Mun sha faɗa: baƙin mai in ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar magagari, yana cin haƙoran giya. A wanke da kananzir, a ɗiga mai marar kauri, a goge da tsumma. Muna godiya ga mai gari da matasan da suka tsaya a mararraba suna nuna hanya, da masu shagunan kayan keke da suka ba da tub da famfo don kyaututtuka. Bayan an cire hayar rumfa, kujeru, lasifika da motar ɗaukar waɗanda suka gaji, an sami abin da ya isa sayen diga, shebur, baro da biyan leburori.

To, sai maganar hanyar, wadda wasu ke tambaya a WhatsApp kullum ina aka kwana. Ba a gama ba. Kusan rabi aka yi, kuma cikin rabin ma ɓangaren gangaren sama ruwan Agusta ya cinye shi. Ba kuɗi aka ci ba, kuskuren awo ne, kuma kwamiti ya ɗauki laifin. Tudun Dange samansa jan dutse ne mai tauri, amma ƙarƙashinsa laka ce, in ta sha ruwa santsi gare ta kamar sabulu. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce gangarar hanya kada ta wuce rabin gangarar jikin tudun, kuma a jimlace kada ta haura kashi 10 cikin 100, wato a kowace mita 10 saukar kada ta wuce mita 1. A wannan ɓangaren an yanke kwana don a rage aiki, hanyar ta miƙe ƙasa, ruwa ya same ta a shirye ya mayar da ita kwazazzabo har gwiwa.

Inda aka bi ƙa'ida yana nan daram. An auna da igiya mai mita 10 da tiyon ruwa irin na magina. An sare faɗin hanyar gaba ɗaya cikin jikin tudu, ba a cika bakinta da ƙasar da aka haƙo ba. An karkata ta waje da santimita 5 a kowace mita ta faɗi don ruwa ya tsallaka ya wuce, kuma duk bayan mita 10 zuwa 15 an ɗan lotsa ta a sake ɗagawa. Mashigar ƙorama an shimfiɗe ta da manyan duwatsu, an binne kashi biyu cikin uku na kowanne.

Me ya sa ba a gyara tun tuni ba? Ƙasa ba ta dannuwa sai da laima. Lokacin da ya dace shi ne ƙarshen damina, amma a lokacin gero da wake suna gona, ba za mu ratsa amfanin mutane da baro ba. Da rani kuwa sai an sayi ruwa a jarka an hau da shi, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, aiki ba ya wuce ƙarfe goma na safe. Akwai kuma burtalin da ya ratsa ƙasan tudun. Makiyaya sun riga mu wurin, dole hanyarmu ce za ta kauce, kuma hakan ya ƙara tsawo.

Duk da haka, da hannu ya yi yawa da an wuce nan. An kira aikin gayya sau huɗu, fuskoki ɗaya ake gani, ba su cika goma ba. Ranar biki kuwa rigar ƙungiya ba ta isa ba. Kuɗin wata ma haka: waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabi ba, wasu rabonsu da biya tun bara, kuma su ne kan gaba wajen ba da shawara. Ma'aji ya gaji da bin mutane gida-gida da man mashin ɗinsa. Wannan ne ya sa akwatin agajin gaggawa ba a sake cika shi ba, horon gyaran keke ga yara ma aka ɗage. Masu cewa a ɗebi kuɗin biki a toshe giɓin, a yi haƙuri, ba za a taɓa ba. Da sunan hanya aka karɓa a hannun jama'a.

A taro mai zuwa za a karanta sunayen masu bashin da ya wuce wata shida, kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada. Za a kuma sa ranar sake awon ɓangaren sama. Wanda ya ari diga biyu da baro ɗaya tun kafin babbar salla ya mayar da su ɗakin ajiya kafin ranar.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.